Ma'anar "collective noun", da dalilin da ya sa Bature ke cewa "Nigeria are"

Daren 11 ga Fabrairun 2024 ina gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, ana wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. Ɗan wasan Najeriya Troost-Ekong ya jefa ƙwallo da ka kafin hutun rabin lokaci, wuri ya kaure da ihu. Ana cikin haka wani yaro da ke shirin jarrabawar JAMB ya taɓo ni ya ce, "Malam, ka ji mai sharhin nan kuwa? Sai cewa yake 'Nigeria are'. Ai Najeriya ƙasa ɗaya ce, 'is' ya kamata ya ce." Na ce masa, "Bari a tashi, ɗan samari." Da aka tashi an ci mu 2 da 1, babu mai bakin magana.

Tun daga nan, duk gasar da aka shiga sai maganar ta dawo. A Facebook ana ta kiran "collective noun" da "concord" (wato dacewar suna da aikatau wajen tilo ko jam'i), a rediyo masu koyar da Turanci suna yanke hukunci cewa ƙungiya abu ɗaya ce, don haka dole aikatau ya zo a tilo. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake faɗar rabin ƙa'ida da cikakken ƙarfin gwiwa, har yaro ya ji Turanci lafiyayye ya kira shi kuskure.

Ma'anar ba ta da wuya. Shi ne abin da malaman nahawun Hausa ke kira suna tattarau: kalma ɗaya a siffar tilo, amma cikinta mutane ne ko dabbobi da yawa. Garke, ayari, runduna, kwamiti. A Turanci "team", "family", "committee", "government", "crowd". Jerin nan da ake sa yara haddacewa, su "a pride of lions", mu bar shi a gefe. Tushensa jerin kalmomin mafarautan Ingila ne, irin wanda aka buga a wani littafi a garin St Albans a 1486, kuma da wuya ya yi wa mutum rana a wasiƙa ko a ofis.

Rikicin yana wajen aikatau, kuma Bahaushe ya fi kowa cancantar gane shi, domin kullum yana yin sa. Ɗauki kalmar jama'a. An idar da sallar Juma'a, mai kallo daga nesa zai ce "jama'a ta watse". Wanda yake tsaye a bakin masallaci, yana ganin wannan na neman takalminsa, wancan na tayar da babur, sai ya ce "jama'a sun watse, kowa ya kama gabansa". Waye ya yi kuskure a cikinsu? Babu. Na farko ya ga dunƙule ɗaya, na biyu ya ga kawuna. Kuma ladan bai taɓa cewa "jama'a, ki gyara sahu" ba, sai dai "ku gyara", domin ƙafafun mutane ne za su matsa.

Haka mutumin Ingila yake yi da harshensa. Idan kwamiti ya yi magana da murya ɗaya, sai ya ce "the committee has decided". Idan 'yan kwamitin sun rabu, kowa da ra'ayinsa, sai ya ce "the committee are divided". A fagen ƙwallo kuwa idonsa na kan mutum goma sha ɗaya masu gudu, shi ya sa "England are", "Arsenal are", "Nigeria are". Ba ƙasar yake nufi ba, 'yan wasan yake nufi. Ƙa'idar rubutun labarai ta BBC ma a kan haka take: gwamnatoci da kamfanoni tilo ne, ƙungiyoyin wasa jam'i. Kulob ɗin da aka ce masa "are" a fili, idan aka koma batun ribarsa da bashinsa a matsayin kamfani, sai ya zama "is".

Ba'amurke shi ne ya fi riƙe tilo. Zai ce "the team is", kuma idan 'yan kwamiti sun saɓa sai ya kauce ya ce "the committee members are". Mu a nan Turancin Ingila muka gada a makaranta, amma wayoyinmu da kwamfutocinmu sau da yawa a kan Turancin Amurka aka saita su, sai su ja layi a ƙarƙashin abin da ɗan Landan zai rubuta ba tare da ɗar ba.

Su kansu Amurkawan ba haka suka faro ba, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi jan hankalina. A tsarin mulkinsu na 1787, inda aka yi bayanin cin amanar ƙasa, an kira ƙasar da "them", an kira abokan gabanta da "their enemies". Wato su, ba ita ba. Jihohi ne da suka haɗu, kowace tana jin kanta. Har gyara na 13, wanda ya haramta bauta a 1865, cewa ya yi "their jurisdiction". Bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 ne "the United States is" ya riƙa cin ƙarfin "are", a hankali cikin shekaru masu yawa, yayin da gwamnatin tarayya ke ƙara ƙarfi, mutane kuma suka fara ganin ƙasa ɗaya a inda kakanninsu ke ganin taron jihohi. Ba wani malamin nahawu ne ya zauna ya ba da umarni ba. Ganin mutane ne ya sauya, aikatau ya bi baya.

Shi ya sa nake ganin tsarin Ingila ya fi gaskiya. "The government has decided" tana nuna maka gini mai baki ɗaya, alhali mutane ne suka zauna a ɗaki, wasu suka yarda, wasu suka ƙi. Harshen da ya bar maka damar cewa "are" ya bar maka damar tuna cewa akwai masu suna a ciki. Mu ma idan muka ce "gwamnati ta ƙara kuɗin mai" zafin daban ne da "sun ƙara kuɗin mai".

Kurakuran gaske suna nan, su ne kuma ba a cika gyarawa ba. "The police is investigating" kuskure ne a Landan, kuskure ne a Washington, domin "police" kullum jam'i ce, kamar "people" da "cattle". Idan mutum ɗaya ake nufi sai a ce "a police officer". "All staffs" da ake mannawa a allon sanarwa na ofisoshi ita ma ba daidai ba ce, "staff" ta riga ta tattaro ma'aikatan.

Mafi yawa kuma shi ne sauya layi a tsakiyar jimla: "The committee has submitted their report." An fara da "has", an ƙare da "their". Ko dai "has" da "its", ko "have" da "their". Mai rubuta jarrabawa ya zaɓi tilo idan ƙungiyar ta yi aiki a dunƙule, jam'i idan an nuna rabuwar kai, ya riƙe zaɓinsa har aya. Gwada ta da Hausa ka ji: "kwamiti ya miƙa rahotonsu". Mai sauraro zai tambaye ka, rahoton su wa?