Waiwaye: Yadda farashin gero ya jefa kudancin Nijar cikin yunwa a 2005

Yawancin yaran da tamowa ta galabaitar a Nijar a 2005 daga ƙauyukan Maraɗi da Damagaram aka kwaso su, wato yankin da ke noma geron da ƙasar ke ci. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000. Kuma hatsi bai yanke a kasuwa ba, yana nan jibge a buhuna.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farar dango kuma ta faɗa wa gonaki da makiyaya. An ƙiyasta giɓin hatsi a kusan tan 223,000, giɓin da a shekarun baya akan cike shi da masara da dawa daga maƙwabta. A wannan karon hanyar ta juya. Farashi a arewacin Najeriya ya ɗara na Nijar, sai motoci suka riƙa kwasar gero zuwa Dawanau ta Kano, Mali da Burkina Faso kuma suka taƙaita fitar da nasu. Buhun gero mai kilo 100, wanda akan saya a kusan jika 10 na sefa (wato sefa 10,000) da kaka, ya kai jika 25 zuwa 30 a watan Yuli. Dabbobi sun rame, darajarsu ta faɗi, har akuya ta kasa sayen rabin buhu.

Abin yana da tushe. A 1970 aka kafa hukumar OPVN don ta sayi hatsi da kaka, ta fitar da shi idan ya yi tsada. Farin 1973 ya fi ƙarfinta, kuma zargin karkatar da abincin agaji na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da gwamnatin shugaba Diori Hamani a Afrilun 1974. Yunwar 1984 ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi, shi ya sa ake kiranta El-Buhari. Daga nan tsarin tsuke bakin aljihu na IMF da Bankin Duniya ya rage wa OPVN ƙarfi, aka bar ta da rumbun tsimi kawai, farashi ya koma hannun 'yan kasuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin ƙaramin manomi. A kudancin Maraɗi gado ya daddatsa gonaki, mata da yawa sun rasa gayaunarsu, damman da magidanci ke ɗaurewa ba sa kai shi wata shida. Da kaka yana sayar da gero a araha don biyan bashi da hidimar aure. Da bazara ya dawo yana awon tiya a ninkin kuɗin da ya sayar. In kuɗi sun ƙare sai ya ci bashin hatsi da zai biya da riɓi, ko ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin noman firi, ciyawa ta cinye tasa. Girbin baɗi ya ragu tun kafin a kai gare shi.

A 2005 gwamnatin shugaba Tandja Mamadou ta dage kan sayar da buhu a jika 10, farashin rahusa da wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ba zai iya biya ba. Sai a watan Agusta aka fara rabon kyauta sosai, kuma an makara.

Cikin dabarun da suka bazu bayan nan akwai jinginar hatsi. Ƙungiyar manoma ta zuba buhunanta a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun asusun bashi, ta karɓi rance ƙasa da darajar kayan, ta fanshe su bayan wata biyar ko shida. Tsarin yakan rushe idan rancen bai fito ba sai bayan manoma sun riga sun sayar, ko ƙwari suka shiga waken da ba a zuba a buhu mai leda biyu a ciki ba, ko kuma gwamnati ta fito da hatsin rahusa daidai lokacin buɗe sito, farashi ya tsaya cik, kuɗin ruwa ya cinye ribar.