An yanke masa hukunci kan ƙwaya: a bi sawun kayan da aka kama

Mu da ke yawon wayar da kai kan shaye-shaye a unguwannin Sakkwato, yawancin maganarmu da iyaye ta magani ce, ko a kai yaro asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko a raba shi da abokan banza. Amma wasu sai bayan kotu ta ɗaure ɗansu suke zuwa, suna tambaya, "Malam, shi ke nan ya tafi?" Ba lallai ba ne, don ana iya ɗaukaka ƙara.

Laifin mallakar ƙwaya a dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronsa, kuma sashe na 19 ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 kan hodar iblis da makamantanta. Hukunci mai nauyi haka ba ya tsayuwa a kan "mun kama shi dumu-dumu" kaɗai. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da aƙalla abu biyu: abin da ke gaban alƙali ƙwaya ce da gaske, kuma shi ne aka samu a hannun yaron, ba na wani ba.

Ga yadda ya kamata a yi. Wanda ya yi kamen zai miƙa kayan ga jami'in da ke ajiye kayan shaida. A gaban wanda ake zargi za a ɗan gwada, a ɗora a sikeli, a rubuta nauyin. A ɗebi kaɗan a zuba a leda, a liƙe, a cike takardu, shi kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ledar nan ce ke tafiya ɗakin gwaje-gwaje, ta dawo da rahoton masani. Duk hannun da ta ratsa, ya kamata a san na waye.

Nan lauya ke sa ido. Nauyin da aka rubuta ranar kame ya yi daidai da na takardar tuhuma? Lambar da ke jikin ledar ita ce a rahoton? Wa ya kai, wa ya karɓa, ya zo kotu ya ba da shaida? An karanta wa yaron takardun da Hausa kafin ya dangwala? Wannan na ƙarshen ya fi damuna, don matasanmu da yawa dangwalawa kawai suke yi saboda tsoro. Alhali dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba shi damar a ɗauki jawabinsa gaban lauya ko wani da ya zaɓa, da tafinta in ba ya jin Turanci.

Kada dai a ruɗe ku. Ba kowane ɗan kuskure ke rusa hukunci ba, sai giɓin da zai sa shakku cewa an musanya kayan ko an taɓa su. Sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ba sabuwar shari'a take buɗewa ba, abin da aka rubuta a kotun farko take dubawa. Lauyan da ya yi shiru lokacin da ake karɓar kayan shaida ya ƙara wa na gaba aiki. Wanda ya amsa laifi kuwa, da fatan sassauci, hanyarsa ta fi ƙunci, amma shi ma a duba ko an gabatar da rahoton gwajin.

Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 90 ne daga ranar hukunci, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara na da reshe a nan Sakkwato. In lokaci ya ƙure ana roƙon ƙari, sai dai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid, kyauta ne. Amma a fara da karɓar kwafin hukuncin: tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka yi wa shari'ar, ko wakilinsa, na da haƙƙin samunsa cikin kwana 7.