Tsohuwar tarakta mai fetur ta ƙi shan mai: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Maganar nan ta tsofaffin taraktoci ce masu amfani da fetur, irin su Ford 8N da aka ƙera daga 1947 zuwa 1952, da Ferguson TE20 ta 1946 zuwa 1956. Mai injin dizal ya nemi amsarsa a wani wuri.

Ina famfon man yake? Na duba ban gani ba.

Babu shi. Tanki na saman inji, kafireto na ƙasa, fetur da nauyinsa yake gangarowa. Shi ya sa ɗan dattin da mota ba za ta ji ba yake tsayar da wannan injin.

Kafireto zan fara kwancewa?

A'a, malam, ajiye sukundireban nan. Mutane da yawa sun wargaza kafireto mai lafiya alhali mai ne ba ya isa gare shi. A ƙarƙashinsa akwai notin tsiyayar da mai. Da inji a sanyi, a fili, ba kusa da wuta ko sigari ba, ka cire notin, ka tara kwalba, ka buɗe makunnin mai. Abin da ake so shi ne zubowa ba yankewa, kusan rabin lita cikin minti biyu zuwa uku. Kada ka ruɗu da kwararar farko, wannan man da ke kwance cikin kafireto ne. Abin da ya biyo bayan daƙiƙa talatin shi ne gaskiyar magana.

Ba ta tafiya sai na ja cok.

Mai ya yi mata kaɗan, iska ta yi yawa. In gwajin kwalba ya yi kyau, to ko jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto, ya toshe, ko iska na shiga ta gasket ɗin da ke tsakanin kafireto da inji. Iska mai ƙarfi ake hura wa jet. Kada ka zura masa waya, ramin zai faɗaɗa.

In sa mata filtar mota a kan bututun?

Kada ka sa. Yawancinsu an yi su ne don man da famfo ke turowa, a nan sai su riƙe shi. 8N na da rariya har uku: ɗaya cikin tanki a kan makunnin mai, ɗaya a saman kofin gilashin da ke tara laka a ƙarƙashin tanki, ɗaya a gwiwar bututun da ke shiga kafireto. Ta ukun ce kowa ke mantawa da ita. Wanke su.

Tana tashi lafiya, ta yi aiki kamar minti ashirin ta mutu. In ta huta sai ta sake tashi. Mene ne?

Wannan ce tambayar da ba a amsa ta da kalma ɗaya, domin abu huɗu ko biyar ne ke kawo alama iri ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ba na mai ba ne sam. Dole ka yi bincike a daidai lokacin da ta mutu. In ka bari ta huce, shaidar ta tafi.

Fara da duba wutar fulogi, kafin ka zubar da ko ɗigon fetur. Cire wayar fulogi ɗaya, ka riƙe ta da filaya mai roba kamar milimita 6 daga jikin inji, wani ya murza. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake so. In rawaya ne siriri, ko babu, to mai yiwuwa kwayil ne: tsohon kwayil yakan yi aiki a sanyi, ya yanke in ya ɗauki zafi. Sau da yawa kwayil na kashe inji farat ɗaya, ƙarancin mai kuwa sai inji ya yi tari, ya yi sama ya yi ƙasa, kafin ya mutu. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, kwayil mai rauni ma yakan sa tari.

In wuta lafiya, buɗe murfin tanki kana saurare. Ka ji ya ja iska? Ƙaramin ramin shaƙar iska na murfin ya toshe, tanki ya kasa sakin mai. Gwada tafiya da murfin a sassauce. In matsalar ta ɓace, ka samu. Sai dai rashin jin ƙarar ba ya wanke murfin, wani lokaci jan iskar kaɗan ne.

Na gaba shi ne dattin da ke yawo a tanki: ɓawon tsatsa, ganye, guntun tsumma. Mai na gangarowa yana jawo shi bakin rariya ya manne, inji na mutuwa sai ya saki. Haska tocila cikin tankin, ba ashana ba. Idan tsatsa ce ta cinye gindinsa, wanke rariya zai kai ka kwana biyu ne kawai, sai an sauke tankin an wanke.

Akwai kuma tafasar mai cikin bututu, in wani ya canza masa hanya ya bi da shi jikin salansa. Yana faruwa, amma an fi ɗora masa laifi fiye da yadda yake aikatawa, don haka bar shi a ƙarshe. In ma duk ka duba ba ka kama komai ba a karon farko, kada hankalinka ya tashi. Tayar da ita, ka jira ta sake mutuwa da kayan aikinka a hannu.

Fetur na ɗiga daga bakin kafireto.

Ɗigo kaɗan bayan ka ja cok ta ƙi tashi ba komai ba ne, haka irin wannan kafireton yake. In kuwa ba ya tsayawa, allurar da ke tsayar da shigar mai cikin kafireto ce ba ta rufewa, ko fulot ɗin tagulla, wanda ke tasowa a kan mai ya tura allurar, ya huje. Girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ka canza shi. A kafireton Marvel-Schebler na 8N, tazarar fulot daga gasket rubu'in inci ce, wato kamar milimita 6. Kuma don Allah ka riƙa rufe makunnin mai duk lokacin da ka ajiye ta. Tanki guda yana iya tsiyayewa ƙasa cikin dare.

Zagaye nawa zan buɗe makunnin?

A 8N, biyu. In ka buɗe shi duka, ka shiga galan ɗaya na ajiya da ke gindin tanki, inda ruwa da laka suke taruwa.

Kofin gilashin ya ƙi cika.

Iska ce ta maƙale. Sassauta notin ƙasansa kaɗan har mai ya cika shi, sannan ka ɗaure da hannu. In yana yoyo, sabon gasket yake so. Ƙara matsewa da filaya fasa gilashin zai yi.

Man ya shekara a tanki, zan iya amfani da shi?

Zubar da shi inda ya dace. Tsohon fetur yakan koma danƙo ya liƙe allura da jet, wanda aka gauraya da etanol kuma yana jan ruwa daga iska. Za ka ga ruwan kwance a gindin kofin gilashi, da layi tsakaninsa da fetur.

Bututun ya fashe, in sa tiyon roba?

Na ƙarfe za ka sa, irin wanda ta zo da shi. Roba kusa da salansa gobara ce, jan ƙarfe kuma jijjigar inji na tsaga shi a bakin noti.