Waiwaye: saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa ta yage

Tun da allurar korona ta iso Njamena a 2021, magana ɗaya ta ƙi mutuwa a majalisun shayi da rumfunan kasuwar gero: wai allurar zamani, irin ta korona mai ɗauke da saƙon da ake kira mRNA, tana sauya halittar mutum, har abin ya bi jini zuwa ga 'ya'ya. Da aka fara yi wa yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a 2024 zancen ya sake tashi, alhali wannan allurar furotin ce da ƙwayoyin yis suka ƙera, ba irin waccan ba. Masu tsoron suna da uzuri. An kawo musu abu kamar daga sama ya faɗo, kuma ba a gaya musu da harshensu cewa amsar tambayarsu ta haura shekara sittin a rubuce ba.

Farkon labarin yana cikin littattafan makaranta. A 1665 Robert Hooke ya hango ƙananan ɗakuna a ɓawon itace, waɗanda yau ake kira ƙwayoyin halitta. A 1953 aka gano siffar DNA, ko ADN a bakin masu Faransanci, kundin da ke ɗauke da gadon halitta. A 1955 George Palade ya bayyana ribozom, 'yan ƙananan masaƙu da ke haɗa furotin. Da furotin ɗin ne ƙwayar halitta ke gina ginshiƙanta da ƙofofinta da kayan aikinta.

Sai dai a jikin mutum kundin yana kulle cikin cibiyar ƙwayar, masaƙun kuma suna waje. Wa ke kai umarni? Masana da yawa sun ɗauka kowane sashe na kundin yana ƙera masaƙarsa ta kansa, mai saƙa zane iri ɗaya tak har ta tsufa. Da haka ne, da tsoron mutanenmu ya samu madogara.

An rushe wannan zato a watan Yunin 1960 a Kalifoniya ta Amurka. Mutum uku ne: Sydney Brenner, da Matthew Meselson, da François Jacob na Cibiyar Pasteur, wanda ya yi aikin jinya cikin rundunar Leclerc da ta tashi daga Chadi ta shiga Fezzan a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun raini bakteriyar E. coli a abinci mai naitirojin 15 da kabon 13, domin duk masaƙar da ta gina ta fi ta yau da kullum nauyi. Sannan suka sa mata bairos, wato ƙwayar cuta mai kama bakteriya, mai suna T4, wanda ke tilasta mata ƙera furotin nasa, suka mayar da ita abinci mara nauyi, suka zuba fosfaros mai haskawa don ya yi wa duk sabon RNA, sinadari ɗan'uwan DNA, alama. Daga nan suka fasa ta, suka juya masaƙunta a injin da ke ware abubuwa bisa nauyinsu, cikin ruwan gishirin siziyam.

Makonni aikin yana watsewa. Ribozom gida biyu ne, babba da ƙarami, kuma magnisiyam ne ke riƙe su. Yawan siziyam ya riƙa ture shi, masaƙun suna wargajewa kafin a auna komai. Da Brenner ya gane haka suka ƙara magnisiyam, sakamako ya fito: ba a gina sabuwar masaƙa ko ɗaya ba. Sabon RNA yana maƙale jikin tsofaffin masaƙu masu nauyi. Ashe masaƙa ba ruwanta da zane, abin da aka miƙa mata shi take saƙawa. A watan Mayun 1961 suka wallafa binciken, aka san wannan ɗan aike, da ke kai umarni daga kundin zuwa masaƙu, da mRNA.

Masaƙar tana karanta saƙon harafi uku-uku, kusan kowane uku yana kiran ɗaya daga amino asid 20, tubalan da ake gina furotin da su, kuma a bakteriya tana jera 15 zuwa 20 cikin daƙiƙa guda. Saƙon ba ya daɗewa. A bakteriya mintoci kaɗan ne ake yage shi. Ta haka ƙwayar ke sarrafa gininta: in tana son wani abu da yawa ta yawaita aika saƙonsa, in ya ishe ta ta daina. A ganina wannan ne ya kamata a fara faɗa wa iyaye kafin a ɗaga sirinji.

Sauran tafiyar kokawa ce da wannan rauni na saƙon. A 1990 an yi wa ɓeraye allurar mRNA a tsoka, jikinsu ya ƙera furotin ɗin. A 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman suka nuna cewa gyara ɗaya daga haruffansa huɗu yana hana garkuwar jiki far masa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2023. A allurar korona ta mRNA ana naɗe saƙon cikin ɗigon kitse ya shiga ƙwaya, ya tsaya a waje inda masaƙu suke, ba ya shiga cibiyar da kundin yake, ya narke cikin kwanaki. Saurin lalacewarsa ne ma ya sa da farko ake ajiye ɗaya daga alluran a sanyin kusan digiri 70 ƙasa da sifili, abin da ke da wuyar gaske a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.