Sauye-sauyen Kan Jijiyar Gani a Cutar Gilakoma

Lamina kiribirosa siririn faifai ne mai huji-huji kamar rariya, wanda ke can bayan ƙwayar ido, daidai inda jijiyar gani ke ratsa farin ido ta nufi ƙwaƙwalwa. Zaruruwan jijiya sama da miliyan 1 ne ke bi ta hujojinsa dami-dami. Zaren furotin iri biyu ne ke riƙe da faifan: kolajin ke ba shi ƙarfi, elastin kuma ke sa ya miƙe ya koma yadda yake. A nan ne gilakoma, wato hawan jinin ido, ke fara ɓarna.

Matsin ruwan cikin ido a lafiyayyen mutum yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci. Idan ya fi ƙarfin faifan, sai ya lotsa baya, shimfiɗunsa su danne juna, hujojin su karkace su shaƙe zaruruwan. Saƙonnin abinci da ke kai-komo a cikinsu su tsaya, ƙwayoyin jijiyar su mutu ɗaya bayan ɗaya. Likita mai leƙa ido yana ganin haka a matsayin rami da ke ƙara faɗi da zurfi a tsakiyar kan jijiyar.

Faifan ba mataccen abu ba ne, kuma wannan ya fi komai muhimmanci. Ƙwayoyin astirosait da ke cikinsa, masu tallafa wa zaruruwan jijiya, suna jin matsin, su shiga rushe tsohon kolajin suna zuba sabo ba bisa tsari ba. Zaren elastin ya nannaɗe ya kakkarye, wurin ya sandare. Shekaru ma suna ƙara masa tauri. Shi ya sa ramin kan ragu bayan tiyata a jarirai, waɗanda faifansu ke da laushi, abin da ba kasafai ake gani a dattawa ba.

A 1981, Harry Quigley da Earl Addicks na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun nuna cewa sashen sama da na ƙasan faifan sun fi manyan hujoji da siraran katangu. Zaruruwan da ke bi ta nan su ne kan fara lalacewa, don haka gani ke zaizayewa daga gefe, tsakiya na nan garau, mai cutar bai ankara ba.

Cutar ta fi tsanani a baƙar fata: binciken makanta na Najeriya na 2005 zuwa 2007 ya same ta a kusan kashi 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama. Maganin ɗigawa, hasken leza da tiyata duk rage matsin suke yi don a tsirar da zaruruwan da suka saura, domin wanda ya mutu ba ya sake tohowa.