Yadda ake renon ƙwayoyin asali da yawa don magani

Mene ne ƙwayoyin asali?

Ƙwayoyin jiki ne masu hayayyafa, waɗanda kuma ke iya rikiɗa su zama jini, ƙashi ko jijiya. Na cikin ɓargo su ke yi mana sabon jini kullum. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar asali, a 2007 ya yi da ta mutum.

To, ina matsalar?

Yawa. Majinyaci ɗaya kan buƙaci miliyoyin ƙwayoyi, wani ciwon ma biliyan. Faranti a ɗakin gwaji ba zai ba da haka ba, domin yawancinsu sai sun manne a jikin wani abu suke girma, fili na cika kuma su tsaya.

Yaya ake shawo kan wannan?

Da babbar tukunyar reno mai juya kanta. Ana zuba ruwan abinci da ƙananan duwatsun roba masu laushin yashi, ƙwayoyin su lulluɓe kowane ɗaya. Zafi ya tsaya a digiri 37, na'ura na auna iskar oksijin da tsamin ruwan dare da rana. Juyin ma da lissafi: ya yi ƙarfi, ƙwayoyin su fashe, ya yi rauni, su dunƙule, na tsakiya su mutu don rashin iska. Ƙwayar cuta ɗaya ta shiga, an yi asarar aikin makonni. Akwai kuma masu buga ƙwayoyi hawa-hawa da firinta, amma wannan yawanci yana matakin bincike.

Mai sikila a Gombe ko Bauchi fa?

Nan zuciyata ta fi karkata. Dashen ɓargo na iya warkar da sikila, an fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Sai dai ƙwayoyin jini na daga cikin masu wuyar reno a waje. A maganin sikila mai suna Casgevy, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023, ƙwayoyin majinyacin ake gyarawa a mayar masa, a kan farashin dala miliyan 2.2 da aka sa masa a Amurka a 2023.

Garin maganin “istem sel”, wato ƙwayoyin asali, da ake talla a WhatsApp fa?

Ƙwaya mai rai ba ta zama a leda a zafin Gombe, ciki ma narkar da ita zai yi. Iyaye, kada ku dakatar da maganin yaro saboda shi. Ku tambayi likitan jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya Gombe ko na ATBU Bauchi.