Binciken Farfesa Kelsey Harrison kan mata masu ciki a Arewa

Kelsey Harrison likitan mata da haihuwa ne ɗan Najeriya, an haife shi a 1933 a garin Abonnema da ke jihar Ribas ta yanzu. An fi saninsa da babban binciken da ya jagoranta a asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda aka bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya daga 1976 zuwa 1979. Aikinsa yana cikin fannin nan da ke duba abu biyu tare game da lafiyar mace, wato halittar jikinta, da kuma matsayin da gida da al'umma suka ajiye ta, kamar ko ta yi karatu, shekara nawa aka aurar da ita, me take ci, kuma wa ke da ikon cewa a tafi asibiti. Abin da alkalumansa suka nuna shi ne waɗannan biyun ba sa rabuwa, na biyun yana shiga cikin na farkon har ya canja ƙashi da jini.

Karatunsa da aikin Ibadan

Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Umuahia, sai kwalejin jami'a ta Ibadan, ya kammala likitanci a Landan a 1958. Bincikensa na farko a Ibadan kan ƙarancin jini mai tsanani ne ga masu ciki. Matsalar lokacin ita ce mace ta zo jininta ya yi ƙasa ƙwarai, zuciya ta riga ta galabaita, in aka ɗura mata jini haka kawai sai nauyin ya yi wa zuciyar yawa ta kasa. Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka haɗa ƙarin jinin da maganin da ke sa fitsari da sauri, ruwan da ya yi yawa zai fita, a ƙara jinin lafiya lau. Dabara ce mai sauƙi wadda ƙaramin asibiti ma zai iya. A 1972 ya koma Zariya a matsayin farfesa.

Binciken Zariya

Babu kwamfuta a kan tebur kamar yanzu, da hannu aka riƙa cike takarda ga kowace mace da ta haihu, shekarunta, tsawonta, haihuwa ta nawa, ta yi awo ko ba ta yi ba, ta yi boko ko a'a, yadda naƙudar ta kasance, nauyin jariri, da yadda aka ƙare. Cikin waɗanda suka yi aikin da shi akwai Nimi Briggs, da Alan Fleming masanin jini, da Charles Rossiter mai lissafin alkaluma. An buga sakamakon a 1985 a fitowa ta musamman ta mujallar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya.

Mata 238 suka rasu, kusan ɗaya kenan cikin kowace haihuwa 100, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Abubuwan da suka kashe su sanannu ne ga duk wadda ta taɓa aiki a ɗakin haihuwa, zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda har mahaifa ta fashe, ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, ƙarancin jini. Haɗarin ya fi yawa ga ƙananan 'yan mata masu cikin fari da kuma iyayen da suka yi haihuwa da yawa shekaru kuma suka ja. Amma abin da Harrison ya fi nanatawa har ya zama kamar tambarinsa shi ne karatun boko. Matan da suka yi makaranta sun fi zuwa awo, sun fi zuwa da wuri, su da jariransu sun fi rayuwa. Shi ya sa ya riƙa cewa maganin mutuwar mata wajen haihuwa ba a asibiti kaɗai yake ba, sai an sa kowace ɗiya mace makaranta.

Tsawo da ƙugu

Wanga sashe shi ne a ganina ya fi kowane nuna yadda halitta da matsayi suke cuɗanya. Binciken ya ga gajerun mata, musamman waɗanda ba su wuce santimita 150 ba, sun fi samun matsalar kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, sai an yi tiyata. Mutum zai ce ai wannan halitta ce, haka Allah ya yi ta. To amma tsawon mace yana da alaƙa da abin da ta ci tana ƙarama, da zazzaɓin cizon sauro da ta sha, da kuma shekarun da ta ɗauki cikin fari, don ƙashin ƙugu yana ci gaba da faɗi har bayan yarinya ta fara al'ada. Tawagar ta gano wani abin da ba a zata ba, 'yan mata masu ƙananan shekaru da aka ba maganin kariya daga maleriya da maganin ƙarin jini da folik asid sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, wasunsu santimita da dama. Ma'ana jikin nan bai gama ginuwa ba, yarinya da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya.

Daga nan yoyon fitsari ke fitowa. Kan jariri ya tokare a ƙugu kwana biyu ko uku, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya fita, rami ya buɗe, galibi kuma jaririn ba ya zuwa da rai. Wannan ɓangaren jiki ne. Ɓangaren matsayi kuwa shi ne kwana ukun nan, me ya sa ta kai su a ɗaki. Duk wanda ya san ƙauyukan Danko-Wasagu ko Maru ko Bagudo a jihohin Kebbi da Zamfara ya san yadda abin yake, yarinya mai cikin fari kunya ta hana ta faɗa naƙuda ta fara, tana durƙushe a ƙuryar ɗaki tana cije baki, uwar miji na cewa "ki yi haƙuri ɗiyata, ta fari haka take," ana ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, maigida ya tafi cin kasuwa kuma ba wanda zai fitar da ita ba da izininsa ba, in ya dawo a shiga neman kuɗin mota, ga hanya ba kyau, yanzu kuma ga tsoron 'yan bindiga da dare. Wani lokacin a kira ungozoma ta yi yankan gishiri, ta ƙara wata ɓarnar. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ke nufinta da sharri, kuma wannan ne ma ya sa gyaran yake da wuya. Cibiyar Gesse a Birnin Kebbi da asibitin Farida a Gusau duk ɗinkin irin waɗannan matan suke yi.

Iyakar binciken da abin da ya biyo baya

Alkaluman na asibiti ne, wadda ta haihu a gida lafiya ko ta rasu a gida ba ta shiga lissafi ba, don haka ba za a ɗauki ɗaya cikin 100 ɗin nan a ce shi ne na duk ƙasar Hausa ba. Wannan giɓin ya fi girma a wajenmu nan Kebbi, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Kebbi kuwa kashi 7 ne kacal, mafi ƙanƙanta a ƙasar.

Irin wannan kallon ya ci gaba a wasu bincike. A Zariyar dai a shekarun 1970, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya aikin Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokansa, wanda ya haɗa asibitoci da dama a ƙasar, ya fi nuna rashin karatu, rashin aikin yi, rama da hawan jinin ciki a matsayin abubuwan da ke tare da ciwon, an kuma ga ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin da yawa daga matan. Haka gubar dalma da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400. Dalmar tana cikin dutsen zinare ne, a lokacin maza ne ke haƙo dutsen amma a tsakar gida ake sarrafa shi, mata na dakawa a turmi da goyo a baya, ƙurar na sauka kan tabarma da kwanon abinci, kuma masu bincike sun ga yaran da uwayensu ke wannan aikin sun fi mutuwa. Dalma kuma tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi.

Tasirinsa

Rahoton Zariya ya fito ne lokacin da duniya ta fi maida hankali kan rayuwar yara, ita uwar ba a cika lissafa ta ba, kuma yana cikin hujjojin da aka riƙa kafawa kafin taron Nairobi na 1987 inda aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya na duniya. Harrison ya koma jami'ar Fatakwal a 1981, ya zama shugabanta daga 1989 zuwa 1992, kuma a 1989 aka ba shi babbar lambar yabon da Najeriya ke ba masana. Daga baya ya yi rubuce-rubuce yana sukar yadda tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da sa wa marasa lafiya kuɗin magani suka kori talakawan mata daga asibiti.